Dalarmu ta shiga, ƙasarmu kuwa ba ta cikin jeri

Ni ke kula da shafukan wani shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari. Akwai wata 'yar manhaja da na maƙala wa burauzata, wato manhajar da nake shiga intanet da ita, wai ka rubuta talla sau ɗaya ta watsa maka a Facebook da X da Instagram a lokacin da ka sa mata. Da dala nake biyanta duk wata. Shekaranjiya na tsara tallan sabon kaya ya fita bayan Isha'i, gari na wayewa na tarar hoton bai hau ba, kuma duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take, alamar tambaya ce zaune. Tun ban karya ba maigida ya kira yana tambaya ko Hausar ce na manta.

Na shiga wurin hira da masu manhajar, na yi gaisuwa, na tura hoton ɓarnar. Sai da na ƙone data ina kallon ɗigo uku suna rawa kafin wani ya amsa: "Ka goge tarihin burauzarka." Na ce na goge. "Ka cire ka sake sakawa." Na ce na yi, har shiga ta duk shafukan ta ɓace. Shiru. Can sai ya ce, "Wane yare ne wannan? Ka gwada rubutawa da Turanci mana." Madalla da gwanin shawara! Wato Hajiyar da ke neman turmin atamfa daga Gwammaja in je mata da Turanci. Na danne zuciyata na ce to a maido min kuɗina. Ya ce ai ƙasata ba ta cikin jerin ƙasashen da suke yi wa hidima, ya haɗa min da fuskar murmushi, ya rufe hirar. Ranar cirar kuɗi dai babu wanda ya duba jeri.

Ba yau aka fara ba. A 2023 Twitter, wato X ta yanzu, ta sa wa hanyar da irin waɗannan manhajoji ke bi su shiga shafinta kuɗi, da yawansu suka mutu. A 2024 Google ta fara kashe tsohon tsarin 'yan manhajojin da ake maƙala wa burauzarta ta Chrome. Chrome na wayar Android ma ba ya ɗaukar su sam, dole sai kwamfuta, kwamfuta kuma sai da wuta.

To wa zan kai wa kuka? Gwamnatin da ta rufe Twitter wata bakwai daga Yunin 2021, 'yan kasuwa na ji na gani? Dalar da ba ta kai naira 500 a banki ba farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, sannan a Janairun 2025 aka amince a ƙara kashi 50 kan kuɗin kira da data. Kullum taro a Abuja kan tattalin arzikin zamani, ana yanka kek ana ɗaukar hoto, mu kuwa janareta muke tayarwa don mu ɗora hoton shadda ɗaya.