"Haka halinsa yake", maganar da ta ɓata mana shekaru

Yayana tun muna yara haka yake, yau ya cika gida da surutu da dariya, jibi kuma ya shige ɗaki ko abinci sai Umma ta roƙe shi. Kowa a gida sai yace ai halinsa ne, hali zanen dutse.

Da damuwa ta kwantar dashi muka kaishi asibiti, aka tambayi bacci da cin abinci aka rubuta maganin damuwa, ba wanda yace ya yake kafin ciwon. Sati uku da fara sha bacci ya ƙaurace masa gaba ɗaya, ƙarfe uku na dare zaka jishi a tsakar gida yana wanke babur yana waya, har keken ɗinkinsa ya saida wai zai buɗe kamfani. Sai daga baya wani likitan ƙwaƙwalwa ya zaunar da Umma ya dinga tambayarta yarintarsa, sannan yace mana ciwon baifola ne, wato ciwon ƙwaƙwalwa da mutum ke tashi da zumuɗi fiye da kima wani lokaci, wani lokacin kuma damuwa ta kwantar dashi, ba damuwa kaɗai ba.

Abinda ke min ciwo wallahi, wannan ilimin na alaƙar halin mutum na asali da irin wannan ciwon ba sabo bane. Emil Kraepelin, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Jamus, ya yi maganarsa sama da shekara 100 da suka wuce, Hagop Akiskal kuma, shima likitan ƙwaƙwalwa haifaffen Beirut da ya yi aiki a Amurka, shi da abokan aikinsa suka tsara TEMPS-A, tambayoyi 110 masu auna ɗabi'a biyar: mai yawan ƙunci, mai hawa da sauka, mai zumuɗi da ƙarancin bacci, mai saurin fushi, da mai fargaba. Masu hawa da sauka irin yayana ciwon yakan kama su da wuri, ya yawaita dawowa, kuma haɗarin yunƙurin kashe kai ya fi yawa a wajensu, wannan shine ya fi tsorata ni. Masu zumuɗin nan kuwa ciwonsu ya fi karkata ɓangaren tashin, ba kwanciyar ba.

Kar wani yace duk mai saurin fushi mara lafiya ne, a'a, ɗabi'a daban ciwo daban. Amma dan Allah likitocinmu, na san layi yana da tsawo, ku riƙa tambayar uwa ko mata ya mutum yake tun asali kafin ku rubuta maganin damuwa shi kaɗai.

Yanzu yaya yana kan litiyom, maganin baifola, ana gwada jininsa lokaci lokaci, watan jiya ya sayi wani keken ɗinkin.