Na Rufe Zangon Karatu a Kan Dutsen Birni

Duk wanda ya ce maka karatun jami'a ta intanet hutu ne, wai kana kwance kan katifa digiri zai zo ya same ka, tambaye shi a wane gari ya yi nasa. A nan Damagaram abu uku ɗalibi yake bukata: wuta, rezo da data. Su ukun kuwa ba sa zama tabarma ɗaya. In wuta ta zo, rezo ya yi tafiya. In rezo ya dawo, data ta ƙare. Ranar da ka sayi data kuma, ranar za a ɗauke wuta tun la'asar.

Ni ma'aikaci ne, da rana ina biro, ga iyali, ba halin in tattara in tafi Yamai, kusan kilomita 900, in zauna a aji. Shi ya sa na yi rajista da wata jami'a ta Faransa mai koyarwa daga nesa, fannin tsara ayyukan raya ƙasa. Kowane zango kiredi 30 ne, wato ma'aunin nauyin karatu, kowane aiki a kan 20 ake auna shi, 10 ce tsira, wanda ya gaza sai zagaye na biyu, ratirafaj, wanda ko sunansa ɗalibi ba ya son ji. Ajin namu gaba ɗaya yana cikin wata manhaja mai suna Moodle. Nan malami ke zuba darasi, nan kake ɗora aikinka, nan kuma agogo ke zaune yana jiran ka. Moodle ba ya jin "don Allah don Annabi", ba shi da ƙanin uba da za ka bi ta hannunsa.

A gida ba wanda ya yarda karatu nake. Inna ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin lakwal da ba allo, ba bulala, ko takalmi ba a sawa a tafi ba. Maiɗakina ta fi ta bincike. Daren da ta jiyo muryar mace tana zuba Faransanci a kunnena, ta tsaya a kaina da tocila ta ce, "Baban yara, wannan malamar ba ta da miji ne, sai da dare take koyarwa?" Sai da na juya mata allon ta ga tsohuwa mai furfura da tabarau tana nuna jadawali, sannan ta ce Allah ya ba da sa'a, ta koma ta kwanta.

Zangon ya fara a Fabrairu, zai rufe ƙarshen Mayu, kuma aikin ƙarshe rahoto ne na shafi 20, mutum uku-uku. Aka haɗa ni da wata baiwar Allah daga Duwala ta Kamaru da wani ɗan Wagadugu. Ni na kawo batun da za mu yi rubutu a kai: 'yan ga-ruwa na Damagaram. Ai wannan ba sai an je ɗakin karatu ba. Garinmu a kan dutse yake zaune, ruwan ƙasa ya daɗe yana yi mana rowa, har ana lissafa ƙarancin ruwa cikin dalilan da suka sa Turawa suka ɗauke babban birni daga nan suka kai Yamai a 1926. Abin da muke sha daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram ake turo shi, in famfo ya yi shiru kuwa, kura da jarkoki ne ke riƙe da unguwa. Na zaga Garin Malam da Kara-Kara da Zango ina ɗaukar hoto ina tambayoyi, har wani ɗan ga-ruwa ya ce mini, "Malam, in ka gama rubutun ka zo ka kama mini turi, za ka fi ganewa."

'Yar Duwala akwai ƙwazo, kafin ka ce kwabo ta gama nata. Ɗan Wagadugu kuwa duk zangon ba mu san muryarsa ba. Komai aka rubuta a WhatsApp, babban yatsa yake ɗagawa. An ce taro gobe, yatsa. An ce ba ka zo taro ba, yatsa. Shi muka ba lissafin kuɗi, don shi ne ɓangaren da ya fi gajarta.

Sai kuma kwamfutata. Gwanjo ce, a kasuwar Dole na saye ta, batirinta in an zare waya ba ya kai a sha shayi zagaye uku. Tun Afrilu harafin e ya daina aiki, ƙura ta yi masa gida a ƙarƙashi. Wanda ya san Faransanci ya san ba harafin da ya kai e yawa, kalma ɗaya sai ta cinye uku. Dabarar da na yi, na kwafi e guda ɗaya na riƙe, duk inda ake bukata in liƙa. Haka na rubuta nawa ɓangaren, yatsun hagu biyu kullum a shirye.

Wa'adin turawa: Juma'a, ƙarfe 23:59. Ranar wuta ta tafi tun la'asar. Watan Mayu ne, da rana zafi ya haura digiri 40, da dare bango na mayar maka da abin da ya sha. Na ce ba komai, akan dawo da ita wajen goma, in haɗa rahoton, in tura sha ɗaya, har in leƙa fada, majalisarmu ta hira da shayi. Tara da rabi ina tsakar gida ina fifita, sai ga saƙon murya daga Duwala: "Ɗan'uwa, ka dai san 23:59 ɗin nan agogon Paris ne ko?"

Ashe mutanen nan, Lahadin ƙarshe ta watan Maris sukan tura agogonsu gaba da awa ɗaya, sai Lahadin ƙarshe ta Oktoba su mayar da shi. A Fabrairu da muka fara, lokacinmu ɗaya da su. Mu kuwa agogonmu ba ya motsi, rani da damina. Wato sha biyun darensu sha ɗayanmu ce, a Wagadugu kuma goma, tunda su suna bayanmu da awa ɗaya. Wai akwai wani lungu a cikin Moodle inda mutum ke zaɓar lokacin garinsu, amma wa ya taɓa nuna wa wani? Nan take na gane dalilin da ya sa tun Afrilu in na shiga darasin kai tsaye sai in tarar malama tana shirin sallama. Har na kai ƙararta fada, na ce tsohuwar nan ta gaji, darasin minti goma take yi mana.

Na buga wa ɗan Wagadugu. Karo na farko na ji muryarsa, bayanta ihun 'yan kallon ƙwallo. Ya ce, "Shugaba, kwantar da hankalinka, akwai lokaci, ai sai sha biyu." Kafin in yi masa bayanin sha biyun wa, wani ya ci ƙwallo, layi ya yanke. 'Yar Duwala ta ce in bar shi, ita za ta haɗa lissafin, ni dai in nemo wuta.

Na rungumi kwamfuta na nufi shagon mai caji na bakin titi, mai fano da manyan batura. Daren da ba wuta kasuwarsa ke ci, salula sun kai hamsin a kan katako, kowace da 'yar lambarta. Na ce, "Maigida, soket ɗaya, rai a bakin wuya." Ya dube ni, ya dubi katakon, ya zare wayar wani mahauci ya ce, "Wannan sai asuba yake zuwa. Dala arba'in." A tsaye na haɗa rahoton, a tsaye na rubuta sakin layi na ƙarshe, gumi na ɗiga kan madannai. Goma da kwata aka gama. Na kunna data a salula don kwamfuta ta ja, sai na ga rezo sanda ɗaya, ita ma tana zuwa tana komawa.

Lokacin labari ya riga ya kai fadarmu. Shugaban fada, wanda bai taɓa shiga lakwal ba amma ya san inda rezo ke kwana a kowace unguwa, ya iso da mutum huɗu ya yanke hukunci: "Nan ba za ta tafi ba. Sai dutsen Birni." Na tare ɗan kabu-kabu, na hau da kwamfuta a buɗe a kan cinya, don in aka rufe ta ba lalle ta farka ba. Na ce ya yi sauri, kuma ya yi a hankali. Ya ce, "Malam, zaɓi ɗaya." 'Yan fada suka biyo mu a babura biyu, ɗayansu riƙe da murhu da butar shayi, wai ba a san yadda dare zai kaya ba.

A kan dutse rezo ya cika fal. Na danna turawa, Moodle ya ce a'a: nauyin rahoton mega 38, shi kuwa mega 10 yake karɓa. Hotunan kura da jarkoki ne suka yi masa ƙiba. Allah ya sa ɗan yayata, ɗan koleji, ya biyo ayari. Ya ce, "Kawu, matsa." Ya matse hotunan nan har ɗan ga-ruwa ya koma inuwa mai tura inuwa. Ƙarfe 22:44 aka fara turawa. Mu bakwai muka zuba wa shuɗin layin ido yana rarrafe: 40, 60, 80.

Sai salula ta yi ƙara. Inna.

Irin wayata, in kira ya shigo data sai ta durƙusa. Amma mutum ba ya kashe wa mahaifiyarsa waya, ko da Faransa za ta nutse.

"Salamu alaikum, Inna."

"Kana ina da daren nan?"

"Ina makaranta, Inna."

"Makarantar da ka ce a ɗaki take?"

"Yau ta koma Birni."

"To, tuwo dai ya huce. Kuma ɗazu baffanka na Mirriya ya bugo, yana gaishe ka, ya ce akuyar nan taka ta haihu."

"Madalla, Inna."

"Tagwaye."

"Allah ya raya, Inna."

"Ba ka tambayi jikin nasa ba."

Na tambayi jikin baffa. Da sauƙi, sai dai ƙafar. Da muka yi sallama, shuɗin layi ya koma sifiri, agogo ya ce 22:51.

Shugaban fada ya zaro tasa wayar yana huci. Ya ce datar nan ta mako ce, ta kallon kokawa ya ajiye ta, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya haɗa ta da kwamfutar, ya hau kan wani dutse na sama, ya miƙe hannu ya ɗaga ta. Ana cikin haka wani dattijo ya hasko mu da tocila daga ƙasa: "Kai, su wa ke nan?" Na ce, "Baba, makaranta muke." Ya daɗe yana haska mu ɗaya bayan ɗaya, har da mai hura gawayi, sannan ya ce, "Allah ya shirya," ya wuce.

Ƙarfe 22:56 layi ya cika. Na ɗaga hannu zan yi hamdala, yaron nan ya ce, "Kawu, bai tafi ba fa, ga shi an rubuta daftari ne." Haka Moodle yake: ɗorawa daban, miƙawa daban. Sai ka danna wani maɓalli, kuma kafin nan sai ka sa alama a wani ɗan akwati, rantsuwa ce cewa aikin nan namu ne mu uku, ba hannun kowa a ciki. Na waiga. Ɗan kabu-kabu na riƙe mini tocila, yatsan ɗan yayata na kan kwamfutar, hannun shugaba na sama yana rawa. Na ce Allah ya ga zuciya, na sa alamar. 22:58. Ba a jima ba kwamfuta ta yi baƙi, mai shayi kuma ya ce zagayen farko ya nuna.

Ɗaya saura minti ashirin na dare, ina cin tuwon da aka ɗumama ana harara ta, sai ga lissafin kuɗi daga Wagadugu, da saƙo: "Kamar yadda na yi alkawari, kafin sha biyu."

Mako na gaba makaranta ta aiko da takardar jin ra'ayin ɗalibai. Tambaya ɗaya ta ce: ko ka gamu da matsalar na'ura a zangon nan? Zaɓi daga 1 zuwa 5. Ba wurin rubuta dutse, ba wurin rubuta akuya. Na zaɓi 3 don kara.

Sakamako ya fito a Yuni: 11 da rabi a kan 20. Malama ta yaba batun, ta ce lissafin kuɗi ya yi kyau, ta ce hotuna ba sa ganuwa, sannan ta tambaya ko sakin layi na ƙarshe, wanda babu e ko ɗaya a cikinsa, wani salon adabi ne.

Daren nan fada ta zauna rabon maki. Shugaba ya ɗauki 3, na data da na kafaɗa, don ya ce har yanzu ba ya iya ɗaga buta da hannun dama. Mai caji 2. Ɗan yayata 2. Ɗan kabu-kabu 1, ban da jikar da na ba shi. 'Yar Duwala aka ware mata 3 a bayan idonta, ba wanda ya yi gardama. Rabin makin da ya rage aka ce in raba da ɗan Wagadugu. Na aika masa da hukuncin fada, ya ɗaga mini babban yatsa.