Ku Bar Mai In'ina Ya Ƙarasa da Bakinsa

Daren Juma'a muna zaune wurin mai shayi a Mabera, wani yaro ɗan kabu-kabu ya tsayar da babur ya zo sayayya. Ya buɗe baki, "Ba ni b-b-b...", sai maganar ta maƙale. Ya runtse ido, jijiyar wuyansa ta tashi, yana buga ƙafa a ƙasa. Kafin ta fito mutum uku sun riga shi. Wani ya ce burodi, wani ya ce bota, na ukun ya kwaikwayi muryarsa, benci ya ɗauki dariya. Mai shayi ya ce, "Kai, mi kaka so? Mutane na jira." Yaron ya nuna da yatsa, ya biya, ya hau babur. Ko canjinsa bai tsaya ƙirgawa ba.

Samari, ku ji tsoron Allah. Ba don na fi ku nake faɗa ba, ni ma na yi. Ƙanena yana da in'ina, kuma na shekara da shekaru ina ƙarasa masa magana, a ganina taimako ne. Sai da ya girma ya ce mini, "Yaya, rabin abin da kake ƙarasa mani ba shi zan ce ba. Ina amsawa ne don a wuce wurin." Ranar barci ya ƙaurace mini.

Mai in'ina ya san abin da zai faɗa sarai. Ba ƙarancin wayo ba ne, ba tsoro ba ne, ba aljanu ba. Yawanci tana farawa tsakanin shekara 2 zuwa 5, tana bin jini, ta fi kama maza, kuma yara da yawa suna rabuwa da ita da kansu. A cikin manya kusan mutum 1 cikin 100 ne ke da ita. Wani abin mamaki: ƙanen nan nawa in ana karatu baki ɗaya a makarantar allo, ko sau ɗaya ba ya sarƙewa. Amma a tambaye shi sunansa, nan ake yin ta, domin suna ba a musanya shi da wata kalma.

Masu kwaikwayo kuwa, ku duba sahun da kuka shiga. Annabi Musa (AS) ya roƙi Ubangiji ya warware masa ƙullin harshensa don a fahimci zancensa, yana nan a Suratu Ɗaha, aya ta 27 da 28. Wa ya yi masa gori da cewa da ƙyar yake bayyana magana? Fir'auna, a Suratuz Zukhruf, aya ta 52.

Kuma a daina cewa "natsu", "ja numfashi", "yi a hankali". Tun yana yaro yake jin su, matsi kawai suke ƙara masa. Ka dube shi yadda kake duban kowa, kada ka sunkuyar da kai kan waya, ka jira. Daƙiƙa nawa ne? Mu da muke kwashe awa biyu muna gardamar Arsenal da Chelsea.

Jiya yaron nan ya dawo. Ya fara "b-b-b", wani ya buɗe baki, na taka masa ƙafa a ƙarƙashin benci. Muka yi shiru. Ashe biskit yake so.