A Jamus ana biyan manomi ya shuka furen daji, mu muna fesa wa namu magani

Da na zo jihar Bavariya a Jamus, na ga gonar alkama an bar mata wani zirin fili a gefe, furanni sun cika shi, ƙudan zuma sai kai da komo suke. Na ɗauka lalaci ne ya hana mai gonar nomewa. Ashe da gangan ya shuka, kuma hukuma ce ke biyansa.

Sai da uwar bari ta sa suka koyi haka. A 2017 masu bincike na garin Krefeld suka nuna cewa ƙwari masu tashi sun ragu da fiye da kashi 75 cikin ɗari a shekara 27 a wuraren da suka bincika a Jamus. A 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da wasu magungunan ƙwari uku a gonaki. A 2019 mutum sama da miliyan 1.7 a jihar Bavariya suka sa hannu a ceci ƙudan zuma.

Bara da damina na je gida Garwa, na raka Kawu gona. Da muna yara, iyakar gonar nan tafasa ce da lalo da karkashi, Inna na tsinka tana ƙullewa a bakin zane. In ka leƙa furen kabewa da sassafe, za ka ga ƙuda ya fito jikinsa duk garin fure kamar ya yi wanka da kurkur. Yanzu iyakar ta ƙone ƙurmus. Famfon feshi ya bi ta kanta har bakin hanya.

Na ce, "Kawu, ko gefen nan ba za a bari ba?" Ya ce, "Ɗana, kai za ka biya 'yan ƙwadago?" Na yi shiru. Maganin ciyawa ya fi fartanya sauƙi, kuma wanda ya bar duƙe shekara da shekaru bai da bakin cewa a koma.

Amma cikin gona daban, iyaka daban. Auduga da riɗi suna fure wata biyu ko uku ne, sauran shekara ƙudan a kan ciyawar gefe da itatuwa yake kiwo: gawo da kaɗanya da rani, furen daji da damina. A sare wancan, a fesa wa wannan, a cinna wa saura wuta, me zai ci kafin riɗi ya buɗe? Kaɗanya ma ba ta yin 'ya'ya sosai sai da shi.

Amyar Kawu uku na nan a kan ɗorawa. Ɗaya ce kawai ke da ƙuda.