Jirgin Abuja: kuɗi a hannunsu, mu a kan benci

Tun da hantsi muke zaune a filin jirgin Ambursa na Birnin Kebbi, ni da baƙin da na gayyato daga Abuja su ga Argungu. Sun ga kogin Matan Fada, sun shiga gidan tarihin Kanta, sun ci kifi har sun ture. Saura in raka su gida. La'asar ta yi, babu jirgi, babu mai ce mana uffan.

Na nufi teburin kamfanin. Yarinyar da ke wurin sa'ar ɗiyata ce, tana ta danna waya.

"Sannu da aiki, ɗiyata. Jirgin Abuja fa?"

Sai da ta gama rubuta saƙonta, ta yi wa wayar murmushi, sannan ta ce, "An soke."

"Tun yaushe?"

"Ai mun tura saƙo."

Na miƙa mata wayata, na ce ta nuna mini. Ta dube ta kamar na miƙo mata mushe. "Baba, ni ba ni ke tuƙa jirgi ba. In kana sauri, ga tasha can."

Tasha! Allah ya saka da wannan shawara. Wato in kwashi baƙi da magariba mu bi Jega, Koko, Yauri, mu faɗa Kontagora tsakar dare. Da hanyar na da lafiya, wa zai zuba kuɗin buhunan shinkafa a tafiyar awa ɗaya? Tsoro ke saya mana tikiti, kuma sun sani. Kuɗina fa? "Ka cike fom, za a duba." Na bara ma ana nan ana dubawa.

A filin nan jirgin farko na alhazan Najeriya na shekarar 2024 ya tashi, manya suka zo suka cika mu da jawabi. Bikin kamun kifin Argungu da aka fara tun 1934, UNESCO ta karrama shi a 2016, kowane gwamna sai ya yi alfahari da yawon buɗe ido. Wane baƙo zai dawo bayan an shanya shi yini guda ko ruwan leda ba a ba shi ba? Manyan nan kuwa jirgin shata suke hawa, ba mai soke musu. Hukumomin da aka ce suna kare fasinja kuwa, sai a rediyo.

Mu ma mun iya ɗaurewa ƙarya gindi. Ina ɗaga murya, wani alhaji ya ja mini riga wai in yi haƙuri, wata ƙila alheri ne. Alhaji, alherin nan fa da kuɗina aka saye shi.