Tyler Durden ba jarumin da za a yi koyi da shi ba ne

A 1999 aka saki Fight Club, fim ɗin David Fincher da aka ciro daga littafin Chuck Palahniuk na 1996. An kashe masa kusan dala miliyan 63, bai yi wata kasuwar kirki a gidajen sinima na Amurka ba, sai da ya fito a faifan DVD ya samu masoyan da ba su rabu da shi ba har yau. Yanzu guntayensa sun cika TikTok, samari na ɗora Brad Pitt a matsayin Tyler Durden suna cewa ga namijin duniya. Abin yana damuna ƙwarai, domin fim ɗin jan kunne ya yi game da Tyler, su kuwa sun mayar da shi malami.

Mai ba da labarin, wanda Edward Norton ya fito a matsayinsa, ba a ma faɗi sunansa ba. Yana aiki da kamfanin motoci, aikinsa lissafi ne: idan biyan diyyar waɗanda motar ta kashe ya fi janye ta daga kasuwa araha, sai a bar ta a kan titi. Barci ya ƙaurace masa, ya cika gidansa da kayan ɗakin kamfanin IKEA yana neman kansa a cikin kujeru da kwanuka. Ciwonsa gaskiya ne. Duk wanda ya taɓa cin bashi don waya ko mota saboda idon mutane ya san shi.

Maganin da ya samu, wato Tyler, shi ne ƙarya, kuma Fincher ya watsa alamun hakan tun da wuri. Kafin su haɗu a jirgin sama, hoton Tyler yana gilmawa kamar walƙiya a wurare da dama, a ofis da wajen likita. A rumfar tarho an rubuta cewa ba ta karɓar kira, amma ga Tyler ya kira ta. Bayan haɗarin mota, mai labarin aka zaro ta ɓangaren direba, alhali mun ga Tyler ne ke tuƙi. Tyler bai taɓa wanzuwa ba, mutumin ne ya ƙera shi a ƙwaƙwalwarsa.

Kuma da me ya ƙera shi? Da kayan tallan da yake iƙirarin ya tsana. A cikin bas suna yi wa tallan kamfai na maza ba'a, suna tambaya ko haka namiji yake, alhali jikin Tyler shi ne ainihin jikin da ke cikin tallan. Jar rigar fata, tabarau, murɗaɗɗen ciki, duk haja ce. Sana'arsa ma sabulu ce da yake haɗawa da kitsen da aka zuƙe daga jikin masu kuɗi, ya sake sayar musu da tsada.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne labarin Bob, wanda Meat Loaf ya fito a matsayinsa, tsohon mai ɗaga ƙarfe da cutar daji ta raba shi da 'ya'yan maraina. A taron marasa lafiya, a ƙirjin Bob mai labarin ya yi kuka, daren nan ya yi barci. Abin da yake bukata ke nan, wanda zai saurare shi. Da ƙungiyar damben da shi da Tyler suka kafa ta rikiɗe ta zama rundunar ɓarna, aka aske wa maza kai, aka sa musu baƙaƙen kaya, aka ƙwace sunayensu, aka hana su tambaya. Sun gudu daga wani ubangida sun faɗa hannun wanda ya fi shi mugunta. Bob bai sake samun sunansa Robert Paulson ba sai da harsashi ya fasa masa kai.

Ban wanke Fincher gaba ɗaya ba. Ya ƙawata Tyler har kyansa ya rinjayi gargaɗin, kuma bidiyon daƙiƙa 30 ba ya ɗaukar gawar Bob a kan teburin kicin, jawabin Tyler kawai yake ɗauka. Shi ya sa yaron da bai kalli fim ɗin har ƙarshe ba bai san cewa mai labarin ya harbi kansa a baki don ya rabu da Tyler ba.