Samari, ku bari ya isa gaban alƙali

Daren Alhamis, bayan an tashi daga kasuwar Maigatari, na tarar da ku a teburin mai shayi kun haɗa kai a kan waya ɗaya, kuna kallon tsohon bidiyon nan na kama Gaddafi a Sirte, watan Oktoban 2011, jini ya wanke masa fuska. Wani cikinku har da dukan benci, wai haka ya dace da duk shugaban da ya faɗi, shari'a ɓata lokaci ce. Wani kuma yana yi wa mamacin addu'a. Ban tanka ba, don musun wurin mai shayi ba ya ƙarewa. Amma ku lura, har yau kuna gardama a kan mutumin nan, domin babu alƙalin da ya taɓa yi masa tambaya ko ɗaya. Ya tafi kabari da duk abin da ya sani.

Ku dubi maƙwabtanmu na Cadi. Hissène Habré ya mulke su daga 1982 zuwa 1990, da aka kifar da shi ya gudu Senegal. Waɗanda suka fito da rai daga gidajen yarinsa ba su ɗauki gora ba, takarda suka ɗauka. Suka dinga bin gida-gida suna rubuta wa aka kama, yaushe, a ina. A 2001 aka gano takardun 'yan sandan asirinsa a N'Djamena, zube a ƙasa cikin ƙura, ɗauke da sunayen mutum 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare. Sai a 2016 kotu a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai. Shekara 26 ke nan! Na san za ku ce an daɗe. An daɗe ɗin. Sai dai matan da aka ci wa mutunci sun tsaya gabansa, yana zaune da rawani da baƙin tabarau, sun faɗi abin da aka yi musu, an kuma rubuta. Harsashi ɗaya ba zai ba su wannan ba.

Ba ina cewa irin wannan shari'a ba ta da kashi a gindi ba. A Nuremberg, inda aka gurfanar da manyan gwamnatin Hitler daga Nuwamban 1945, waɗanda suka ci Yaƙin Duniya na Biyu su ne alƙalai. Tarayyar Sobiyet ma ta nemi ta shafa wa Jamusawa kisan dubban hafsoshin Poland a dajin Katyn, alhali ita ce ta kashe su. Duk da haka kotun ba ta kama kowa da wannan laifi ba, kuma cikin mutum 22 an yanke wa 12 hukuncin kisa, an sallami 3. Taron da ya fusata, wa ya taɓa sallama?

Abin da ya fi damuna ke nan, 'yan'uwa. Bakin da ya saba cewa "a kashe shi kawai" a kan shugaban wata ƙasa, shi ne zai faɗa gobe a kasuwarmu. Na taɓa ganin yaro a tsakiyar taro an yi masa ihun ɓarawo saboda tunkiya, takalminsa ƙafa ɗaya can gefe, yana rantsuwa ba mai saurare. Da la'asar tunkiyar ta dawo gida da kanta, igiyarta na ja a ƙasa. Yaron kuwa har yau hannunsa na hagu bai miƙe ba.

A makarantar allo ma an koya mana hujja tana kan mai ƙara, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Ba a ce sai in wanda ake tuhuma mutumin kirki ne ba. Don haka ranar kasuwa mai zuwa, in kuka ji ihu, masu ƙarfin cikinku su kewaye mutumin, a kai shi wurin dagaci ko caji ofis da ƙafarsa. Mai wayar nan kuma ya rubuta sunayen shaidu, tun kafin su watse.